Ranar da Na Raba Rano da Kibiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na raba Rano da Kibiya da hannuwana biyu ba, ni kaɗai, ba wanda ya aike ni. Har yau in abin ya faɗo min a rai ina tsaka da tankaɗe, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in waiga ko akwai mai kallona.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san irin wadda ta yi wannan aika-aika. Ni mutuniyar Kibiya ce. Ban yi boko da ƙuruciya ba, sai da na haifi na huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci, a nan na koyi haɗa baƙi da wasali, har ga shi yau ina rubuta muku abin kunyata da hannuna (da na san inda karatun zai kai ni ke nan, wataƙila da na tsaya a kan rubuta sunana). Ba ni da hayaniya, ko kaza nake kora sai ta ga dama take tafiya. A unguwa an san ni da saƙar hular jarirai, an kuma san ni da wata cuta: ba na iya ganin abu a hargitse in ƙyale shi. In na je barka na tarar da zannuwa a zube, kafin mai jego ta gama amsa gaisuwa na ninke su.

Mai labarin kuwa 'yata ce ta fari. Ku yi haƙuri, sunanta ba zai fito a wannan takarda ba. Mu yadda muka taso, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta zaunar da shi ta ce "ya makaranta?" kamar yadda iyayen yanzu suke yi. Ƙannenta suna ce mata Yaya, ni ma sai na raɓe a bayansu. Duk abin da nake son in gaya mata, da hannu nake gaya mata. In ta fita in gyara mata shimfiɗa, in goge mata hijabi, in ƙara mata nama a ƙasan tuwo inda ba mai gani.

Da ta gama sakandare sai ta shiga wata cibiyar koyon kwamfuta a Rano. Ba irin koyon buga takardu ba, nata na haɗa kwamfutocin da ke garuruwa daban-daban ne su riƙa magana da juna. Ban taɓa tambayarta ba, amma duk lokacin da take yi wa ƙannenta bayani a tsakar gida, sai in ɗauko faranti in zauna kusa ina tsintar shinkafar da ba ta da tsakuwa ko ɗaya. A haka na ji labarin wani akwati wai shi rauta. Ta ce musu kamar ɗan kamasho yake a tasha: duk saƙon da ya zo, shi ya san motar da zai saka shi da garin da za ta sauke shi. Sai dai shi wannan ɗan kamashon ba ya zuwa da sanin komai, sai an zauna an gaya masa sunan kowane gari da hanyarsa.

To, sai jarrabawar ƙarshe ta zo, ta aiki da hannu. Waɗanda suka ci za a tura su Kano su koyi aiki a ma'aikata, wanda ya faɗi kuwa sai ya jira 'yan baɗi. Babansu ya riga ya yanke magana tun farko: shekara guda ya ba ta, in ta ci jarrabawar ya sa mata albarka, in ba ta ci ba ta dawo ta zauna a shagon ɗinkin gwaggonta. Mutumin kirki ne, amma ba ya magana biyu. Ni ce kuma na yi ta lallaɓa shi kafin ya yarda da shekarar.

Ranar jarrabawa ta fita tun da sassafe, ta bar kokonta a rufe ko cokali ba ta sa ba. Na yi ta kai da kawo a tsakar gida kamar kazar da za ta yi ƙwai. Can dai na tashi na turara dambu da zogale, na zuba a kwano, na ɗaure shi da farin ƙyallen nan nawa mai ɗinkin fure a gefe, na ce wa babansu za ni barka Yalwa. (Akwai haihuwar da gaske, amma yaron ya kusa fara rarrafe.)

Lokacin bazara ne, ranar nan kamar ta sauko ta zauna a kan mutum. Da na sauka a Rano na biya gidan wata ƙawata kusa da tasha na yi azahar, don masallacin unguwarsu da wuri suke yi, sannan na tambayi hanya har na iso ƙofar cibiyar. Wani dattijo mai gadi yana zaune a inuwa yana jan carbi.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Wa ake nema?" (Ban je Makka ba, amma na karɓa.)

Na ce, "Wata yarinya ce, 'yar Kibiya."

"'Yan Kibiya ai ba ɗaya ba ne a nan. Ya sunanta?"

Na dubi ƙasa. Na ce, "Doguwa ce haka, ba ta cika magana ba."

Ya dube ni, ya dubi kwanon da ke hannuna, sai ya yi murmushi. "Ta fari ce ke nan. Shiga, ɗaki na biyu. Allah ya raya."

Ɗakin dogo ne, fankoki suna ta juyawa. Ɗalibai biyu-biyu a kowane tebur, kowane tebur da kwamfuta biyu da wasu shimfiɗaɗɗun akwatunan ƙarfe biyu masu 'yan fitilu kore suna ƙifta ido. Na ce a raina, to, ga rautar. Ina shiga ana ta miƙewa za a tafi salla. Yaya ta hango ni, ta zo da sauri ta rusuna.

"Umma, lafiya?"

"Lafiya lau. Barka na zo Yalwa, na ce bari in biyo." (Yalwa ko hanyarta ban kalla ba.)

Abokiyar aikinta Rabi, wata 'yar Tarai mai baki kamar rediyo, ta riga ta karɓe kwanon tana sinsinawa. "Umma, kin zo da ƙafar dama! Mun gama, rautocinmu biyu, Rano da Kibiya, sun gaisa. Saura Malam ya dawo ya duba."

Wani saurayi a teburin kusa, Kabiru, ya ce, "Sun gaisa a bakinki dai. Mata da rauta, sai mun gani."

Rabi ta ce, "Kai ka fara samo kan naka, tun safe kake gumi kamar mai huɗa."

Malaminsu, Malam Nafi'u, matashi ne mai ladabi. Ya gaishe ni har da cire hula ya mayar, ya jawo min kujera ƙarƙashin fanka, ya ce in zauna in sha iska kafin su dawo. Suka fita gaba ɗaya, ɗakin ya rage daga ni sai ƙugin na'urori.

Da na zauna lafiya, da yanzu ba ni da labarin ba ku.

Idona ne ya fara kai ni teburin da Rabi ta ajiye kwanon, ga jakar Yaya rataye a kujera. An manna wa akwati ɗaya takarda an rubuta RANO, ɗayan KIBIYA, na karanta su da kaina ba tare da na yi tuntuɓe ba, har na ji wani daɗi. Sai kuma na leƙa bayan akwatunan. Jama'a! Wayoyi ne shuɗi da rawaya da toka-toka, wannan ta hau kan wannan, waccan ta zagayo ta ƙarƙashin tebur, wata ta zubo har ƙasa. Ko zaren saƙata da kyanwa ta kwana tana wasa da shi bai taɓa cukurkuɗewa haka ba. Na dubi sauran teburan, su ma ba su da kyan gani, amma na 'yata ya fi kowanne. (Daga baya na ji dalili: su ne suka riga kowa haɗa komai.)

Zuciyata ta ce, yanzu malamin nan zai dawo ya tsaya a kan teburin nan ya ba da maki. Namiji in ya bar wuri a hargitse sai a ce aiki ne ya yi masa yawa. 'Ya mace kuwa tambaya ɗaya ake yi: wace ce uwarta? Ga uwar kuma a zaune ƙarƙashin fanka ta harɗe hannu. Teburan 'ya'yan mutane ban isa in taɓa ba, ina da tarbiyya. Amma wannan nawa ne.

Na yi bisimilla na fara. Wasu wayoyin suna da ɗan harshe a baki, sai an danna shi suke fita. Da kaina na gano dabarar, har na yaba wa basirata. Wata mai kauri da ta taso daga Rano ta shiga Kibiya har da 'yan kusoshi biyu na murɗawa a kowane kai. Na ce lallai wannan an wahalar da ita, na zauna na kwance su a hankali don kar in ɓata musu kaya. Na naɗe kowace waya a hannu yadda nake naɗe zare, shuɗi da shuɗi, rawaya da rawaya, na ciro zaren saƙa a jakata na ɗaure kowane ƙulli da ɗaurin nan nawa mai kunne biyu. Na jera su a gefen tebur daga babba zuwa ƙarami.

Ina cikin goge saman akwatunan sai na ji su da zafi, kamar goshin yaro mai zazzaɓi, ga wani nishi da suke yi. A gidanmu doka ce, duk abin wuta in ya yi zafi a kashe shi ya huta, babansu ko rediyo ba ya bari ta kai haka. Na ce bayin Allah, tun safe ake ba su wuya, masu su kuma sun tafi salla. Na bi wayarsu har soket na danna makunnin. Fitilun suka mutu, nishin ya tsaya. Na kwance farin ƙyallena daga kwanon na lulluɓe su da shi, yadda ake rufe keken ɗinki.

Sannan na koma kujerata na zauna, ina kallon teburin ina jin daɗi. Duk ɗakin ba mai kyansa. Har na shirya fuskar da zan yi in malamin ya yaba, wato in nuna kamar ban ji ba.

Rabi ce ta fara shigowa tana gyara hijabi. Tana ganin teburin ta tsaya cak, ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Na shiga uku! Wa ya yi mana wannan?"

Na ɗauka mamakin kyau ne, har na fara murmushi. Sai na ga ta fizge ƙyallen, ta ga fitilu a mace, ta saki wata ƙara.

"An kashe! An kashe rautocin! Ba mu yi sebin ba!"

Kan ka ce kwabo ɗakin ya cika, an zagaye teburin. Rabi ta juya kan Kabiru kamar za ta cinye shi ɗanye. "Kai ne! Wallahi kai ne, tun safe kake mana baƙin ciki!"

"Ni? Sahu ɗaya muka yi da Malam, ki tambaye shi! Kuma dubi ɗaurin nan, ni da ko igiyar takalmina ban iya ɗaurewa haka ba."

Malam Nafi'u ya ratso, ya ɗaga ƙulli ɗaya yana juya shi. Fara'ar nan tasa duk ta ɗauke. Ya ce wannan ba wasa ba ne, jarrabawa ce, duk wanda aka samu da hannu a ciki ya bar cibiyar ke nan. Ya dubi Kabiru ya ce, "Kai ne ka riga kowa fita daga masallaci, na gan ka." Yaron ya fara rantse-rantse. Ni kuwa ba wanda ya ko kalli inda nake. Wa zai zargi baƙuwa mai carbi a hannu?

A lokacin ne abin ya fara sauko min, daga ka har tafin ƙafa, kamar an kwara min ruwan randa.

Yaya kuwa ta matso gaban teburin. Ta sunkuya ta ɗauki ƙyallen daga ƙasa, ta kalli furen da ke gefensa. Ta ɗauki ƙulli ɗaya ta kalli ɗaurin. Wannan ɗaurin da shi na ɗaure mata kitso tun tana rarrafe. Ba ta waigo ba. Ta ninke ƙyallen ta tura shi cikin jakarta, ta ce a hankali, "Malam, a bar maganar wanda ya taɓa. Ba Kabiru ba ne. Da mun yi sebin ba abin da zai ɓace. Laifina ne."

Rabi ta ce, "Ke! Wane irin laifinki? Aljani ne ya naɗe wayoyin?"

Ina jin yarinyar da ban taɓa kiran sunanta ba tana rufa min asiri da shekararta guda. Ga ɗan mutane kuma zai tafi a banza. Na dafa gwiwa na miƙe.

"Malam, ni ce."

Muryata dama ba ta da ƙarfi, ranar kuwa ko ni da kyar na ji ta. Malam ya juyo. "Na'am, Mama?"

Dole na maimaita, a gaban yara sa'o'in 'ya'yana. "Ni ce na... gyara."

Malam ya dubi soket ɗin. Ya ce, "Mama, har da kashe wutar?"

Na ce, "Na ji sun yi zafi ne. Na ce su ɗan huta."

Kabiru ne ya fara. Ya so ya riƙe, dariyar ta fito masa ta hanci, shi ke nan ɗaki ya ɗauka. Wani ya durƙusa yana riƙe ciki, wata ta cusa hijabi a baki, har mai gadi ya leƙo yana tambayar abin da ya faru. Shi kansa Malam sai da ya juya wa mutane baya kafaɗunsa suna rawa. Ni dai ina tsaye ina roƙon ƙasa ta tsage in shige, ƙasar kuwa siminti ce, ba ta da niyya.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba: Rabi, da hawaye ya cika wa ido, da Yaya.

Da Malam ya samu kansa sai ya yi min bayani da tausasawa. Ya ce duk abin da yaran suka gaya wa akwatunan tun safe, sunan gari da adireshi da hanya, a ka kawai suke riƙe da shi. Sai an ba su umarnin adanawa, shi ne sebin ɗin, sannan yake zama. In ba haka ba, wuta na ɗaukewa sun manta komai, sun koma kamar ranar da aka sayo su. Sannan ya juya ga 'yan matan, murya ta koma ta malami.

"Wayoyi ba laifinku ba ne. Rashin sebin kuwa naku ne, na faɗa har bakina ya gaji. Ba zan ƙara muku lokaci ba. Abin da zan yi, zan fara duba sauran tebura, ku ne na ƙarshe. In na iso Rano da Kibiya ba su gaisa ba, ba abin da zan iya yi muku."

Na lallaɓa na ɗauki jakata zan sulale. Yaya, ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce, "Umma, zauna."

Tun da na haife ta ba ta taɓa ba ni umarni ba. Na zauna. Don kuma kar a sake samun matsala, na tura hannuwana biyu ƙarƙashin cinyoyina na danne su.

Suka fara kwance ƙullin. Rabi da haƙori take tsinke zaren tana huci. Yaya kuwa sai ta ja kunne ɗaya ya warware, ta tura zaren a aljihu. Suka mayar da wayoyi, suka kunna wuta, akwatunan suka ɗau lokaci suna farkawa kamar masu nauyin barci, Malam kuwa har ya gama tebur na farko. Rabi ta kama Rano, Yaya ta kama Kibiya, wannan tana kiran lamba waccan tana amsawa.

Zan gaya muku wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar ce na fara kallon 'yata sosai. A gida satar kallo nake yi, in ta juyo in kau da kai. A nan kuwa kowa kallonta yake, ba mai lura da nawa idon. Na ga yatsunta suna gudu a kan madannai ba ta ko dubansu, baƙin allo yana cika da farin rubutu. Na ga tana cije leɓen ƙasa in tana tunani, yadda mahaifiyata take yi, Allah ya ji ƙanta. In Rabi ta rikice ta fara "wayyo, wayyo", sai ta ce mata, "Karanto min a hankali," da irin muryar da nake lallashin yaro. Ashe haka take a waje. Ashe mutum ce guda, cikakkiya, ni ina can ina ƙara mata nama a ƙasan tuwo.

Malam yana ta matsowa. Da ya gama da teburin su Kabiru, yaron da aka kusa kora saboda ni ya tashi ya juyo musu da fankar tsaye, ya koma ya zauna.

Saura tebur ɗaya Yaya ta ce, "Bari in gwada." Ta aika sallama daga Kibiya zuwa Rano. Daga inda nake ina hango allon. Ɗigo ya fito, wani ya biyo, wani ya biyo. A ajinmu an koya mana wannan ita ce aya, inda magana take ƙarewa. Ban san komai a kan rauta ba, amma fuskar Rabi ta gaya min ba a amsa ba.

"Adireshin daidai ne! Wallahi daidai ne, na duba!"

Yaya ta ƙura wa allon ido. Sai ta tashi ta zagaya bayan akwatunan, ta bi wayar nan mai kauri da yatsa. Ramuka biyu ne iri ɗaya a bayan Rano, cikin sauri an cusa ta a wanda ba shi aka gaya wa hanya ba. Ta kwance kusoshin, ta mayar da ita ɗaya ramin. Ni addu'ar da na sani duk na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Ta sake aikawa. Aya ɗaya ta fito. Sai ga wasu 'yan sanduna masu ɗigo a ƙasa sun jeru, alamar motsin rai, irin wadda ake sawa in mutum ya yi ihu. Rabi ta yi tsalle har ta fara guɗa ta tuna inda take. Yaya ba ta ko yi murmushi ba sai da ta buga umarnin adanawa a Kibiya, ta miƙa hannu ta buga a Rano, ta sake bugawa.

Malam ya iso. Ya gwada daga wannan kwamfuta zuwa waccan, ya gwada daga waccan zuwa wannan, ya yi musu tambayoyi suka amsa. Har ya ɗaga biro zai rubuta sai ya tsaya, ya dube ni ta gefen ido.

"Saura gwaji ɗaya. Yau na koye shi."

Ya sunkuya ya danna makunnin soket. Fitilu suka mutu. Ya ɗan jira, ya kunna. Duk ɗakin aka taru ana kallon akwatunan suna farkawa. Da suka gama ya aika sallama da kansa, sandunan nan suka jeru reras, ba aya ko ɗaya.

Ya ce, "Kun wuce." Ya juya ga sauran. "Daga yau duk wanda ya ce min ya gama, sai na yi masa gwajin Mama."

Aka sake kwashewa da dariya, amma wannan karon Rabi ce kan gaba. Ta zo ta rungume ni tana cewa, "Umma, kin kusa kashe ni, amma na yafe saboda dambun." Na nemi Kabiru na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma in na samu lokaci in zo ɗakinsu na samari, akwai aikin da ya fi wannan.

A motar komawa Kibiya muna zaune kafaɗa da kafaɗa, ni da ita. Uwa ba ta saba ba 'yar fari haƙuri baki da baki ba, ban ma san ta inda ake farawa ba. Sai da muka yi nisa, gonaki suna wucewa, na juya fuskata wajen taga na ce, kamar da itatuwa nake, "A gaya wa mai tebur ta yi haƙuri. Garin gyaran gira aka kusa rasa ido."

Can ita ma ta dubi bayan kujerar direba ta ce, "Mai tebur ta ce ba komai." Ta ɗan tsaya. "Ta ce kuma naɗin ya yi kyau."

Sai na ji kafaɗarta tana rawa a jikin tawa. Na yi ƙoƙarin riƙe mutuncina, ina, ya ƙi riƙuwa. Muka yi ta dariya muna share hawaye da bakin hijabi, har direba ya leƙo ta madubi ya ce, "Hajiya, a raba mana mana, mu ma mu ɗanɗana." Ba mu raba ba.

Tana Kano yanzu. An ce har yau a cibiyar nan in malami ya miƙa hannu wajen soket, yara sai su ce ga Mama nan ta zo. Sunan da na bari a Rano ke nan, bayan duk hulunan da na saƙa a duniya.

Abin da na koya kuwa, ba kowane hargitsi ne yake jiran uwa ba, wani a haka yake aikinsa. Yanzu in na shiga wuri na ga abu a cukurkuɗe, sai na tambaya tukuna ko da mai shi a kai. In ba wanda zan tambaya, hannuna kuma ya fara ƙaiƙayi, na san maganinsa: sai in zauna a kansa.